Keken Ɗinkin da Na Sa Aka Kulle

Zuwa ga Maman 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Ya jikin? Ƙafar tana ja har yanzu? Ya yaran? Ni ina nan, daga wannan bene zuwa wancan, ina ja wa mutane wayar wuta a gidajen da ba zan taɓa kwana ciki ba.

Sati uku ba ki ɗaga kirana, shi ya sa na koma takarda. Na san dalili. Ni na ce Yaya, da ke zaune da ke, ta kulle keken ɗinkinki a ɗakin baya, ba zan ɗora mata laifin ba. Amma ki yi mini adalci. Kin yanka rigar mutane hannu biyu duk na dama, mai yadin ta tsaya a ƙofa tana ɗaga miki murya, kika yini kina kuka. Ke da kike kallon mutum sau ɗaya ki faɗi awonsa! Likita ta ce ciwon nan, em-es, rigar jijiyoyi yake ci, sai saƙon ƙwaƙwalwa ya riƙa ɓacewa a hanya. Wannan kuwa aikina ne. Waya in robarta ta zare, kashe layin ake yi. Ki huta. Don ki huta na baro gida neman kuɗi, yau shekara biyu.

Naki,
Baban 'yan biyu

Zuwa ga Maman 'yan biyu,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki shafa mini kan yaran.

Yaya ta ce kin daina ko tambayar keken. Wai sai ki zauna a bakin taga, ki fara magana ta tsinke a tsakiya. Na kira likitarki lokacin hutun rana, na shirya faɗa a kan maganin da ba ya aiki. Ta tambaye ni awa nawa kike ɗinki a rana. Na ba ta labarin makullin, har da alfahari.

Matar nan ta wanke ni tas, ina tsaye a kan tsani. Ta ce ƙwaƙwalwa ba wayar bango ba ce. In hanya ta lalace takan nemi wata ta gefe, amma sai don aikin da ake ta nema daga gare ta kullum. Awo, lissafi, yanka, hirar masu kawo ɗinki, su ne ke buɗe miki sababbin hanyoyin. Ba ta yi alƙawarin warkewa ba. Ta dai ce wata huɗun nan da keken ya yi a kulle ba su taimaka ba.

Raina ya ɓaci, na ce me ya hana a gaya mini. Ta ce ta gaya miki, ke kuma kin gaya mini. Gaskiya ne. Na tuna ranar. Kina magana ina cewa ni na san waya.

Na ce Yaya ta ba ki makullin. Likita ta ce da safe kafin zafi, kaɗan-kaɗan, kina rubuta awo. In ba za ki karɓa ba, ban isa in ce komai ba. Ina tsoron kada a ce na makara.

Mijinki mai kunnen ƙashi

Zuwa ga Maman 'yan biyu,

Gaisuwa irin ta wanda aka sauke wa dutse daga ƙirji. Ya ƙarfin jiki?

Ƙunshin da kika aiko ya iso. Na zazzage shi sau biyu ina neman wasiƙa, babu, sai riga. Yaya ta ce kwana tara kika yi a kanta, kin farke wuyan sau uku, kika kore ta da ta zo taya ki. Hannun hagu ya ɗara na dama da yatsa biyu. Abokan aiki sun ce ko dai ni ne a karkace, na ce ƙwarai, an daɗe da sani.

Kafaɗar kuwa ta zauna daidai, Maman 'yan biyu. Shekara biyu rabonki da ni, na rame, ban gaya wa kowa ba, amma kin rage mata. Ban san ta wace hanya kika bi kika gano ba.

Ranar hutu zan kira. Ko ba za ki yi magana ba, ki ɗaga ki ajiye wayar kusa da keken, in ji ƙararsa.

Naki har kullum,
Baban 'yan biyu