Gurbin Hali a Shafin Ɓatattu

Ƙaura Namoda, Litinin

Maigidana Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kewa, da fatan kana lafiya, karatu na tafiya a Sakkwato. Mu lafiya lau, Firdausi ta fara rarrafe.

Aiki ne ya tsaya mini. Ka san shafin da ƙungiyarmu ta buɗe na mutanen da aka sace ko suka ɓata, da Hausa da Turanci. Sunaye da bayanai suna fita daidai a harsunan biyu, sai gurabun da muka ƙara da kanmu, irin su ƙauye da halin da mutum yake ciki. Malam Faruku, mai shigar da rahotanni, ya ce yana gyara na Turanci, na Hausa bai motsi. Yau na gano dalili. An saita manhajar fassarar ta kwafi gurbin sau ɗaya, ranar da aka sa sunan, daga nan ba ta sake dubawa. Gyaran kaɗan ne.

Sai dai da na jera shafukan biyu, sai na ga abin da gyaran zai fito da shi. Akwai mutanen Dauran da Zurmi da Turanci ya ce an ga gawarsu, Hausa tana cewa ana nema. Abdulhadi, har da Armiya'u na Inna Tabawa, ƙanwar mahaifiyarka. Tun kafin girbi aka rubuta. Kuma ka san duk ranar kasuwar Shinkafi 'yar'uwarsa Sa'adiya tana buɗe wa Inna shafin a waya.

Ban gyara ba. Ka yi mini addu'a.

Taka,
Fauziyya

Ƙaura Namoda, Asabar

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Shugabanmu ya so in gyara nan take, ya ce kullum muna yi wa mutane ƙarya. Gaskiyarsa. Na roƙe shi kada uwa ta ji mutuwar ɗanta daga gilashin waya. Ya ba mu zuwa Juma'a.

Muka rarraba sunayen ga limamai, su sanar da iyalan. Ni na tafi Badarawa da Baba Malami, wan Inna. Mun same ta tana sussukar gero. Kafin ya buɗe baki ta ce mana yaron yana nan, an duba mata shafin makon jiya. Da Baba ya faɗa, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko injin ne ya yi kuskure yanzu. Na ce a da ne ya yi. Ta ajiye taɓarya, ta ce a kira maƙwabta.

Gida biyu a Dauran ba mu isa ba, hanya ba ta biyuwa. Jiya bayan sallar Juma'a na gyara. Komai yana aiki yanzu.

Ka zo gaisuwa idan hanya ta yi kyau. Idan ba ta yi ba, kada ka taso.

Matarka,
Fauziyya