Uku Bisa Biyar da Yatsun Mutmainna

Bukan Sidi, Lafia
Talata

Zuwa ga Yaya Dijatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya mutanen Obi? Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Wayata ta tarwatse tare da haƙarƙarina biyu, daga gadon asibiti nake rubuto miki.

Jiya ina tsakar darasi a aji shida, wani mai walda da ake kira Mailafiya ya banko ƙofa da guntun rodi a hannu. Ya ce, "Kai ne ticha ɗin da ya fasa hannun yarinyana?" Ban gama buɗe baki ba ya sauke mini shi a gefe. Na faɗi kan benci, ya ƙara mini a ka, jini ya rufe mini ido, ina jin ihun yara suna dira ta taga. Da maigadi bai rungume shi ta baya ba, da zaman makoki za ki zo. Ɗinki tara aka yi mini.

Laifina kawai na hori 'yarsa Mutmainna ranar Juma'a, don ta yi mini musu a gaban aji kan wata tambayar lissafi da na rubuta a allo. Yanzu yana hannun 'yan sanda, Litinin za a kai shi kotu. Tunda Allah ya sa lauya kika haifa, ki sa Abdulsalam ya tsaya mini har sai mutumin nan ya ga cikin gidan yari. Ba zan yafe ba.

Ƙaninki,
Ashemi

Obi
Laraba

Ashemi,

Na amsa gaisuwa, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Na yi kuka da na karanta, don a bayana ka girma. Amma shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu, ban taɓa ganin uba ya rufe shago ya ɗauko rodi saboda bulala biyu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma yaushe ka zama malamin lissafi, kai da tarihi ka karanta, kai da kake ɓuya a bayan rumbu duk ranar da na ce ka kawo littafin lissafinka?

Kafin in kira Abdulsalam, rubuto mini tambayar yadda take a allo, da abin da yarinyar ta ce, da yawan bulalar. Kada ka rage ko ɗaya.

Yayarka,
Dijatu

Lafia
Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa, jiki da sauƙi. Malamin lissafi ya bar aiki tun zangon farko, mai makarantar ya ce in riƙe kafin a samo wani.

Ga tambayar: tsakanin 3/5 da 0.45, wanne ya fi girma? Na raba uku da biyar, ya ba ni 0.6. Sai na koya musu hanya mai sauƙi, a rufe ɗigon da yatsa a dubi abin da ya rage. Ga shida, ga arba'in da biyar, ai magana ta ƙare. Duk aji suka amsa ban da ita. Ta miƙe ta ce, "Sa, uku bisa biyar ya wuce rabi, wancan kuma bai kai rabi ba." Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa, raina ya ɓaci.

Dokar ajina kowa ya san ta: duka ba ya tsayawa sai yaro ya ce ya yi kuskure. Yawanci uku ta isa. Ita kam bulalar ta karye a ta goma, na ɗauko rular katako na ci gaba da gefenta a bayan yatsu. Fatar ta fashe, jini ya ɗiga a littafinta, tana kuka tana maimaita cewa ya wuce rabi. A ashirin da uku na tsaya. An ce yatsu biyu sun karye, ba za ta zauna jarrabawar shiga sakandare ranar Asabar ba. Ban so haka ba, amma taurin kanta ne ya ja mata.

Naki,
Ashemi

Obi
Juma'a

Ashemi,

Gaisuwar da ta zama dole na yi maka ita. Yanzu ka buɗe kunne.

Ka tara doya ɗari. Ka kasa ta biyar, ka ɗauki kashi uku: sittin ke nan. Shi kuwa 0.45, doya arba'in da biyar ne cikin ɗarin. Shidan da ka raina kashi shida ne cikin goma, ka ƙara masa sifili ka gani, 0.60. Ɗigon da ka sa suka rufe da yatsa shi ne dukan lissafin. Yarinyar nan ta fi ka gaskiya, kuma ta hanyar da ko ni zan yi alfahari da ita. Ka karya yatsun yarinya ɗaya tilo da ta gane darasin, saura kuma gobe za su shiga jarrabawa da shirmenka a ka.

Ban wanke Mailafiya ba, rodi ba hukunci ba ne, kuma ya kusa raba ni da kai. Amma ba zan sa ɗana ya ɗaure uba a bar yarinya da karyayyen hannu babu mai ciyar da ita ba. Kunya ta hana ni fita ko ƙofar gida tun da na karanta takardarka. Ka janye ƙarar. Ka je gidan da ƙafarka, ka faɗa wa yarinyar da bakinka cewa amsarta ce daidai.

Allah ya shirye ka,
Dijatu

Lafia
Litinin

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi lissafin sau uku, haka ne. Na janye ƙarar, an sake shi.

Jiya na je gidan. Mailafiya bai amsa sallamata ba, amma ya kauce daga bakin ƙofa, ya sa aka kira ta. Ta fito da hannun dama a naɗe har wuyan hannu. Duk hanya ina tsara abin da zan faɗa mata. Tana ganina ta sunkuyar da kai, ta miƙo mini tafin hannun hagu, ta ce, "Sa, na yi kuskure."

Yaya, haka na juyo gida ban gaya mata amsarta ce daidai ba. Ki gaya mini yadda zan koma.

Ƙaninki,
Ashemi