Ranar da Ƙofar Tram ta Rufe da Inna a Ciki

Cheetham Hill, Manchester
22 ga Nuwamba, 2015

Zuwa ga Yayana Sanda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Safiyatu da yara da duk mutanen gida a Bauchi. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare ku daga abin da ake gudu. Mu nan alhamdulillahi. 'Yar'uwarmu Ramatu ta murmure daga haihuwa, an yi suna lafiya a Birmingham, mijinta Abdulsalam ya sa wa yaron sunan Baba. Inna tana can wajensu tana dama kunun kanwa, tana ta mita wai ruwan zafin famfo bai kai na tukunya ba. Da gangan na fara da wannan. Inna lafiyarta ƙalau. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka ci gaba da karantawa.

Yaya, na yi maka ƙarya. Ka tuna ranar Talata, goma ga wata, da wata baƙuwar lamba ta ƙasar nan ta yi ta kiranka, sannan aka turo maka saƙo cewa mahaifiyarka ta ɓata a Manchester? Ka kira ni sau uku ban ɗauka ba. Bayan magariba na kira ka na ce ina wajen aiki ne, Inna tana barci, kai kuma ka yi ta dariya wai 'yan damfara sun ci gaba, har sun san inda uwar mutum take. Na taya ka dariyar. Ba 'yan damfara ba ne. Inna ta ɓata, kusan awa biyar, kuma a hannuna ta ɓata. Ta hana ni gaya maka, ta ce kada wancan ya ji, ka san ba ta kama sunanka. Na kwana goma sha biyu da maganar a ƙirjina. A waya ba zan iya ba, don ka sanni, kana ɗaga murya zan ɗaga tawa, mu rabu ba a faɗi komai ba.

Ga yadda aka yi. Bayan Inna ta iso daga gida ta huta kwana biyu a flat ɗina, muka shirya tafiya Birmingham. Sai mun hau tram daga unguwarmu zuwa Piccadilly, can ne babbar tashar jirgi. Tram wani ƙaramin jirgin ƙasa ne mai launin rawaya da ke ratsa gari. Ba kwandasta, ba ɗan kamasho, ba mai cewa saura mutum ɗaya. Direba yana can gaba a kulle cikin gilashi, ƙofa ta yi ƙara ta rufe, shi ke nan. Muna da bakko biyu cike da kayan jego, gero da kanwa da yaji da daddawa. Tun daga gida na karɓe jakar hannunta na rataya a wuyana, don ba zan bi titi da uwata tana ɗauke da kaya ina ɗanta ba. A cikin jakar nan akwai wayarta, da fasfo ɗinta, da maganin sugarta, da takardar da na rubuta mata adireshina da lambata da manyan baƙaƙe. Duk abin da zai dawo da ita gida idan ta ɓata, ni na karɓe shi, wai ladabi.

Da tram ɗin ya tsaya na ja da baya kamar yadda Baba ya koya mana, babba ya fara shiga, yaro ya biyo da kaya. Ta yi bismillah ta shiga. Na sunkuya zan cicciɓi bakko, zif ya fashe, gwangwanin yaji ya gangara. Na bi shi, wallahi taku biyu kawai. Sai na ji ƙarar ƙofa. Na danna maɓallin, na buga da tafin hannu, na ga Inna ta ciki tana ƙwanƙwasa gilashi tana ɗaga hannu, bakinta yana cewa a tsaya akwai mutum, irin yadda ake yi wa direban bas a kasuwar Muda Lawal. Ba wanda ya fahimce ta. Tram ya ja. Na bi shi da gudu har ƙarshen dandamalin ina ihu, ina ganin hijabinta ruwan ƙasa yana ƙanƙancewa, har ya sha kwana.

Tashar ba mutum ko ɗaya mai aiki. Injin tikiti ne, da kyamara, da wani akwati mai maɓalli da ake dannawa a yi magana da wata murya. Ƙasar nan yanzu duk inda ka san da mutum za ka tarar an sa maɓalli. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rage wannan, gwamnati ta yanke wancan, laburaren da na koyi karatun Turanci da kaina ma an rage masa kwanakin buɗewa, kullum ana ce mana a ƙara haƙuri. Na danna. Muryar ta tambaye ni sunanta. Yaya, na tsaya. Shekarata ashirin da shida ban taɓa faɗin sunan Inna da bakina ba. Na buɗe fasfo na karanta shi kamar sunan baƙuwa. Ta tambaye ni ina tram ɗin ya nufa, na ce Piccadilly, na kuma ƙara da maganganun da ba zan rubuta maka ba. Ta ce in kwantar da hankalina za su sanar. Abin da ban sani ba, daga tasharmu tram iri biyu ke wucewa, ɗaya Piccadilly, ɗaya ya ratsa gari ya fita kudu har wani wuri Altrincham. Ni da nake karanta jaridar da ake rabawa kyauta a bas tun daga shafin farko har tallan ƙarshe, ni da ba a yin musu a wajen aiki ban tsoma baki ba, ban ɗaga kai na karanta goshin jirgin da na sa uwata a ciki ba. Da bakina na tura su neman ta inda ba ta.

Na hau na gaba da bakko biyu, ɗaya a fashe, gero yana zuba. A Piccadilly na duba ko'ina, ƙasa da sama, har na tsaya a ƙofar banɗakin mata ina roƙon masu fita su leƙa mini. Na koma baya tasha tasha ina sauka ina kallo. Ruwa ake yi, irin siririn nan mai shiga ƙashi. Inna ba ta ci komai ba sai shayin safe, ta ce sai mun shiga babban jirgi, kuma ta riga ta sha maganin sugar. Ka san yadda take yi idan ya sauka, hannunta ya kama rawa, maganarta ta rikice. Na yi ta ganinta a raina ta sauka a wata tasha tana tsallaka layin dogo, ta duba ɓangaren da ba shi ba, don motocin nan ta hagu suke tafiya. Na ga ta zauna a kan benci ta yi shiru, mutane suna wucewa suna zaton barci take. Wajen ƙarfe ɗaya aka yi sanarwa cewa an samu jinkiri saboda wani abu ya faru a kan layi. Na san abin da irin wannan sanarwa kan ɓoye, na sha karantawa. Na zauna a kan bakkon a tsakiyar mutane.

A daidai nan wayata ta yi ƙara, na ga sunanka. Na tuna ranar da ka ce ba ka yarda tsohuwa mai ciwon suga ta haye teku ba, ni kuma na cika baki na ce ai ba jeji za ta ba, ƙasar da komai a rubuce yake, amanarta a wuyana. Na kalli wayar har ta katse. Ka sake, ka sake. Na ce sai na gan ta tukuna in ɗauka. Yaya, a lokacin lambar matar da ke riƙe da Inna tana cikin wayarka. Da na ɗauka, ko da zagina za ka yi, da ka karanto mini ita, da magana ta ƙare ƙarfe ɗaya. Tsoron bakinka ya sa uwarmu ta ƙara awa uku a hannun baƙi. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci, ba ƙofar ba.

Abin da ya faru da ita, daga baya na ji. Ba ta sauka ko'ina ba. Ta ce ta yi lissafi irin na gida, duk motar da ka shiga tana da tasha ta ƙarshe, a can akwai shugaban tasha da 'yan kamasho, su za su yi cigiya. Da aka kai Altrincham kowa ya fita, ta leƙa ba ta ga rumfa ba, ba ta ga mai shayi ba, sai ta koma ta zauna. Direba ya zo yana yi mata Turanci, ita tana gaya masa da Hausa cewa ɗanta ne ya sa ta, shi zai sauke ta. Allah ya kawo wata mata, Kaneng, 'yar Jos, mai aikin kula da tsofaffi a can, ta tashi daga aikin safe za ta gida. Ta ji Hausa, ta matso ta ce sannu Mama. Inna ta kama wuyan hannunta, kuma Kaneng ta rantse mini ba ta sake shi ba sai da na zo. Kaneng ta ce wa direban gwaggonta ce, don ta ga tsohuwa ba takarda ko ɗaya a jikinta, kuma zamanin nan ba wanda ke son a fara yi wa nasa tambayar takarda. Ta kai ta wani shagon shayi kusa da tashar, ta ga hannunta na rawa, ta gane, ta zuba mata suga a shayi ta ba ta biskit.

Lamba ɗaya Inna ta haddace a duniya, taka. Kaneng ta tambaye ta sunan mai lambar don ta sa a saƙo, Inna ta sunkuyar da kai ta ce babban ne. Kaneng ta roƙe ta, Inna ta ce ita dai babban ne. Shi ya sa saƙon ya zo maka ba sunanka. Ni ma da na gan shi haka zan yi shakka, amma ka yi haƙuri in faɗa, sau bakwai aka kira ka. Ɗan damfara ma idan ya kira sau bakwai ai a ɗauka a ji ƙaryar da zai yi.

Da Kaneng ta tambaye ta adireshi, Inna ta ce gidan Nuru, sama da shagon mai kifi, idan an wuce masallaci. Kaneng ta fara kiran mutanen cocinsu ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya san wani Nuru ɗan Bauchi a Cheetham Hill. Na biyar, wani direban bas Gamaliel, mutumin Billiri, ya tambaye ta ko wani siriri ne mai baƙin baki. Wata biyu da suka wuce ya bar wata mata tana gudu ba ta kai ga bas ba, na zage shi da Hausa tas ina zaton ba ya ji, ya juyo ya ce da Hausa in gama in zauna, ubana ma ya gode. Tun ranar ba ma gaisawa. Mutumin nan ranar hutunsa ce, ya sa riga ya tafi sito ɗin da nake aiki, inda ya saba ganin ina sauka, ya karɓi lambata wajen ogana. Da na ga baƙuwar lamba na ce asibiti ne ko 'yan sanda, na ɗauka, sai na ji muryarsa. Ya ce in daina zagin jirgi in zo Altrincham in ɗauki uwata.

Na isa wajen ƙarfe huɗu, gari ya fara duhu. Na tarar da ita a zaune da rigar sanyin Kaneng a kafaɗarta. Na durƙusa a gabanta a cikin shagon, Turawa suna kallo. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ko na tsince yajin, sannan ta ce a nuna mata gabas, azahar da la'asar suna kanta. Sai da muka dawo gida na ga ta kasa riƙe kofi da hannu ɗaya.

Washegari muka sake fita, don Ramatu tana jira. Jakarta a wuyanta, takardar adireshi na maƙale da fil a cikin hijabinta. Da tram ya tsaya na ja da baya ban sani ba, jiki ya saba. Ta tsaya cak ta ce in wuce gaba. Na shiga gaban uwata, Yaya, ita tana riƙe da bayan rigata kamar yarinya, haka a Piccadilly, haka a tashar Birmingham mai hawa da sauka kamar gidan tururuwa. Da Baba yana raye ya ga haka da na sha mari. Har yanzu idan na ji ƙarar ƙofar nan zan tafi aiki, sai na waiwaya.

Abin da nake roƙo, kada ka ce ta dawo kafin Ramatu ta yi arba'in. Shi take tsoro, shi ya sa ta ce a ɓoye maka. Ramatu ba ta da kowa a can sai ita. Laifin nawa ne, ka kira ni ka faɗi duk abin da ke bakinka, zan ɗauka a bugun farko kuma ba zan mayar ba, ko da hakan zai zama karo na farko a rayuwata. Amma akwai sauran tafiya. Ranar komawarta sai mun hau jirgi daga Birmingham, mun sauka, mun canza wani zuwa filin jirgin sama, ƙofofi huɗu ko biyar, duk masu rufe kansu. Na gwada koya mata lambata, ta ce kanta ya cika, taka ta ishe ta.

Ka gaida Kawu Gidaɗo, ka ce ya sa mu a addu'a amma kada ka gaya masa dalili. Ka gaida Anti Safiyatu, da Raki da mijinta, da yara duka. Ramatu da Abdulsalam suna gaisuwa. Kaneng da Gamaliel ma sun ce a gaida babban. Daga yau har ranar da za ka ga Inna ta sauka a Kano da idonka, duk lambar ƙasar nan da ta kira ka, ko a tsakiyar ciniki kake, don Allah ka ɗauka.

Ƙaninka mai neman afuwarka,
Nuru