Zanenki Yana Kan Kekunan Jarirai

Hambog, Jamus
9 ga Mayu, 2006

Zuwa ga ɗalibata Klaudiya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama Suzana da ciwon ƙafarta? Yaya mutanen Gada Biyu? Ni lafiya lau, sai idanu da ke min zafi saboda kwamfuta, amma ba komai.

Albishirinki! Zanen duwatsun nan da kika yi don atamfa, na nuna wa ogan kamfaninmu kamar yadda na yi alkawari. Ya sa na shigar da shi kwamfuta, na sauya launinsa ya dace da rigunan da matan nan ke yayi bana. Yanzu an buga shi a yadin rumfar keken jarirai. Jiya na ga guda biyu a titi, har na bi wata mata ina kallo.

Na ce masa a kawo ki aiki. Ya yi dariya, ya ce zanen yana cikin kwamfuta, me zai yi da hannun da ya zana shi? A gaban baƙi kuma cewa yake shi ya zana. Ki daina sauraron biza, 'yata.

Yana son wasu uku kafin Yuli, in ba haka ba ya sallame ni, takardar zamana kuma a hannunsa take. Ki taimaka ki aiko. Na san ni na koya muku sa suna a ƙasan kowane zane, amma wannan karon kada ki sa. Ni ake ba aikin goge sunan.

Allah ya yi miki albarka.

Malamarki,
Suwaiba Jika