Motar Kwanan Baba da Matar Ƙetaren Gada

Tomelilla, Oktoba

Ƙanena Torbjörn,

Ina gaishe ka, kai da Maj-Lis da yara. Yaya sanyin Kiruna, kuma yaya bayan naka? Mu lafiya lau, sai gwiwar Baba da ka sani.

An sami mai son motar kwanan Baba, waccan mai gado da wurin girki a ciki. Kada ka yi murna tukuna. Tun da darajar kuɗinmu, kurona, ta faɗi, mutanen Danmak suka cika garin nan. Sai su haye gadar da ta haɗa mu da ƙasarsu da kuɗinsu mai nauyi, su kwashe motocin kwana kamar ana rabawa kyauta. Wannan wata dattijuwa ce mai suna Birthe, daga Køge, wai mijinta ya rasu. Wai, na ce, don ban ga kabarinsa ba.

Ta zo da na'urar auna danshi, ta bi bango da ita har ƙarƙashin gadon da Mama take kwana. Wace bazawara ce ke yawo da irin wannan a jaka? Ta sha gahawa, ta ci burodin kirfa, ta tafi ba ta saya ba. Asabar ta zagayo ta dawo. Na tambayi Baba inda aka kwana, ya ce, "Muna kai, Annelie, ciniki ba ya son gaggawa." Mutumin da bai taɓa taya ko dankali a kasuwa ba, yau shi ke koya mini ciniki.

Hankalina bai kwanta ba. Motar nan ita ce kaɗai abin kirki da ya rage masa, kuma ba zan zuba ido a karɓe ta a banza ba.

Ka gaida kowa.
Yayarka,
Annelie

Tomelilla, Nuwamba

Torbjörn,

Gaisuwa da fatan kuna ƙalau. Na ji daɗi Maj-Lis ta warke. Na ga saƙonka, wai tun muna yara nake zargin har mai kawo wasiƙa. To, yi ta dariyarka, amma saurara.

Kowa a layin nan ya cire motar kwanansa daga rajista, ya lulluɓe ta sai bazara. Baba ma ya cire tasa kamar kullum. Makon jiya sai na tarar ya mayar da ita, ya biya haraji, a tsakiyar wannan sanyin. Dalili? Wai Birthe tana so ta ji yadda take tafiya. Gwajin ya kai su har bakin teku a Kivik, suka ci kifi, man motar kuma nasa ne.

Na gane dabararta. Duk ranar da kuronarmu ta ƙara faɗuwa, motar ta ƙara yi mata araha ba tare da ta buɗe baki ba. Jira kawai take yi, tana ja masa rai, tana yi masa romon baka. Da idona na gan su a tebur, kawunansu a haɗe kan wayarta suna duba farashin canji. Ta ce, "Evert, kuɗinku ya sake yin mura," shi kuwa ya yi ta dariya har da tari. Ina jin ma akwai dillalin da take yi wa aiki a can.

Ya sayi sabuwar rigar sanyi, Torbjörn. Rabonsa da sayen tufa tun Mama tana raye. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi. Asabar mai zuwa zan zauna a teburin nan da kaina.

Taka,
Annelie

Tomelilla, Disamba

Ƙanena,

Ina fata wannan ta same ku lafiya. Mu ma da sauƙi. An sayar da motar.

Na je kamar yadda na ce. Na bari aka zuba gahawa, sannan na ce mata wasan ya isa haka: a yanke farashi da kuɗinsu na Danmak, don faɗuwar namu ta daina yi mata amfani, kuma yau ko a fasa. Ban tsaya nan ba, ka san bakina. Na ce mata mun san masu jiran tsoho ya gaji.

Ta ajiye kofinta, ta dube ni. Ta ce, "Yarinya, ni nake jira? Tun ranar farko na ce na saya. Babanki ne duk Asabar sai ya ce kurona ta faɗi, dole ya ƙara kaɗan, in je in yi tunani in dawo. In na yarda da ƙarin, sai ya ce bari mu ga yadda canji zai kwana."

Na juya wajen Baba. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da babu sukari. Na jira ya ce bai sayar ba. Kalma ɗaya ta isa. Amma ka san gidanmu, ba a musu a gaban baƙo, ba a kuma faɗin abin da ke rai ko da zai kashe mutum. Ita ma na ga ta jira shi, har ta kira sunansa. Ya ci gaba da juya cokalinsa.

Sai ta ce, "To, tunda 'yarka na ganin ɓarauniya ce ni, gara mu gama." Ta biya farashinsa na ƙarshe, mafi tsada, ba ta nemi ragin komai ba. Mutumiyar Danmak, ba ta taya ba!

Ran Juma'a ta zo da surukinta suka ɗauka. Baba ya wanke ta tas, ya cika mata tanki. Da za ta shiga ta ce da ni, "Motoci irin wannan sun cika ƙauyukanku, ai kin sani. Ni dai ban gaji da gadar ba." Ba ta sake zuwa ba, ba ta kira ba. Na ce zan kira ta in ba ta haƙuri, Baba ya hana. Wai shi da ba shi da mota yanzu, da wane dalili zai sa mace ta biya kuɗin gada?

Jiya na kai masa miya. Na ce ya yi mini faɗa ko ya zage ni, ko na samu sauƙi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kin yi ciniki mai kyau, 'yata. Ba wanda ya cuce ni."

Don Allah ka zo Kirsimeti, ko kai kaɗai ne. Ba na iya zama da shi a teburin nan mu biyu.

Ka shafa mini kan yara.
Yayarka,
Annelie