Felet ɗin da ya rage a wuyan Bashiru

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Wannan ce damina ta uku babu ke. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma abin da ke raina ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Inna, an harbi autanki Bashiru. Yana raye. Na yi saurin faɗa don na san halinki.

Ran wata Talata ce da hantsi, yana gonarmu ta bayan Nasarawa Burkullu yana duba dawa, sai mutanen daji suka ɓullo a kan babura. Ya faɗa cikin karan dawa da gudu, ɗayansu ya bi shi da harbi, da irin bindigar nan ta maharba. Maƙwabtan gona ne suka goyo shi a babur har Gummi.

Ni na ce ya je. Kwana ɗaya kafin nan ya kira ni ya ce ana jin motsin mutanen dajin wajen garin Gwashi. Ina zaune a shagona cikin gari, na ce masa tsuntsaye za su cinye dawar, ya daure ya leƙa. Ban faɗa wa kowa wannan ba, har matarsa Saratu.

A asibiti, da aka ɗauki hoton wuyansa da kafaɗa, likita ta ɗaga shi ga haske, sai ga ɗigo biyar farare. Ta ce wa ma'aikacin jinya wata kalma ta Turanci: felet. Kin san sana'ata, Inna. Shekara takwas ina sayar da abincin kaji da na kifi, kuma felet muke ce wa 'yan dunƙulen nan da ke cikin buhu. Kullum da hannuna nake ɗebo shi in nuna wa mai saye. Har na ɗan ji sanyi a raina, don a sanina felet bai taɓa kashe kowa ba. Sai ta juyo ta yi min bayani da Hausa, ta ce haka Turawa ke kiran duk wani ɗan mulmulallen abu, na abinci ne, na taki ne, ko na bindiga. Wannan kam na dalma ne.

Da ta ce dalma, ke na fara tunawa, Inna.

Kin tuna shekarar da yara suka riƙa sanƙarewa a ƙauyukan Anka da namu, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida. A cinyarki jikarki Nana, ɗiyar Yaya Hajo, ta yi ta jijjiga har ta cika. Daga baya aka ce gubar dalma ce. Tun daga nan, ko ƙasa kika ga yaro ya kai baki sai kin buge hannun, kina cewa, "Tofar, ba ka san mi ke ciki ba."

An cire huɗu. Na biyar yana daf da wata babbar jijiya, likita ta ce taɓa shi ya fi barinsa haɗari. Ta ce mutane da yawa suna rayuwa da irinsa, a dai riƙa zuwa gwajin jini. Na yi mata godiya, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sati uku Bashiru ya yi a gidana. In ya ce kansa na ciwo, sai in zuba wa hannuwansa ido ko sun fara rawa. In ya yi tari sai in ga kamar abin ya gusa. A shago kuwa da kwano nake ɗiba yanzu, na kasa sa hannu a buhu.

Ran Alhamis ya ɗaure kayansa. Ya ce, "Yaya, in ban yanke dawar nan ba, mi Saratu da yara za su ci?" Na raka shi tasha, na ɗaure masa rawani a kan tabon da hannuna.

Yanzu sai dai waya. Jiya sai a kira na shida ya ɗauka, yana haki, ya ce dami yake ɗaurewa.

Ki yafe min, Inna. Lafiya lau kika bar min shi.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Nana a Aljanna. Allah ya tsare Bashiru daga abin da ke daji da abin da ke jikinsa, ya dawo min da shi ranar gwajin jini da ƙafarsa.

Ɗanki,
Lawali, daga Gummi