Gishirin da nake ba Inna a ɓoye

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karantawa. Don Allah a sakaya sunana, kuma duk mai shirin zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ni ba matsoraciya ba ce, masu sayar da kifin banda a Yelwa sun san bakina, amma wannan abu ya ɗaure ni.

Bara hawan jini ya kayar da Innarmu, hannunta na hagu ya mutu. Na ɗauko ta daga ƙauyenmu na bakin ruwa wajen Ngaski na dawo da ita ɗakina. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗaga ƙaramin cokalin shayi ta ce ko mai lafiya bai kamata gishirinsa na yini guda ya wuce cikin wannan ba, kuma a ciki ake haɗa dunƙule da kanwa da gishirin da ke jikin kifi, balle mai irin ciwon Inna. Yayana ya ce tunda ni ce na shiga yaƙi da jahilci da girmana har nake karanta takardar magani, amanar Inna tana wuyana. Na karɓa ina hura hanci.

Da farko na tsare. Amma kun san wa nake dafa wa? Matar da ta ƙare rayuwarta tsakanin gishiri da hayaƙin banda, wadda in ta ɗanɗana miya za ta faɗa maka hannun da ya kaɗa ta. Na ƙara daddawa, na sa citta da tafarnuwa da albasa, sai ta ture kwanon ta ce ruwan wankin tukunya na kawo mata. Ta rame har zani ba ya zama a ƙugunta. Wata rana da hantsi na kai mata tuwon shinkafa, ta riƙe wuyan hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, "Ɗiyata, mi na yi miki? In kin bar ni na mutu da lami a bakina, ban yafe nonona da kika sha ba."

Ku gaya mini, wace ɗiya ce za ta ji wannan ta tsaya karatun cokali? Na barbaɗa mata kaɗan. Ta cinye tas, ta suɗe kwano, ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa na koma madafa ina kuka. Daga ɗan barbaɗe aka koma dunƙule, daga nan kunun kanwa. Yanzu har ƙullin gishiri gare ta a haɓar zani kamar na goro, kuma ni nake cika mata shi. Kunya nake ji ina rubuta wannan.

Duk zuwanmu awo jinin ba ya sauka, ƙafafunta ma sun fara kumbura. Ma'aikaciyar ta dube ni ta tambaya ko ina kiyaye gishiri, Inna na gefe tana mintsinina, na rantse da Allah ina kiyayewa. Aka ƙara mata wata ƙwaya a kan ƙaryata. Ni da nake yi wa mata tsiya a kasuwa in sun ɓoye ruɓaɓɓen kifi a ƙasan kwando!

Ga inda abin ya kai. Yayana ya zo jiya ya ga ƙafafun. Ya yaba mini, ya ce na yi iya yina, kuma tunda an bar gishiri an sha magani ba sauƙi, to ciwon ba na asibiti ba ne, hannun mutum ne. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai zo da jirgin ruwa ya tsallaka da ita wajen wani mai magani, a ajiye ƙwayoyin nan gaba ɗaya. Inna ta ji, ta dube ni, ta kau da kai.

In na yi shiru, za a raba ta da maganin da ke riƙe da ita. In na faɗa, Yaya zai ɗauke ta zuwa gidansa inda ko ƙwayar gishiri ba za ta gani ba, ta daina ci, ta tafi da fushina a ranta. Ban iya zaɓar wadda zan ɗauka ba, kuma ranar kasuwa ba ta jirana. Jama'a, me zan yi?